Ku Ɗaure Zanen a Turke

'Ya'yana masu riƙe wa ƙungiyoyin manoma lissafi a Wurno da Rabah da Goronyo: Aikin da a da sai da littafi mai bangon kwali da biro da rula, yau kuna yin sa a Excel, har ku fitar da zanen hawa da saukar farashi wanda dattijon da bai taɓa shiga aji ba zai kalla ya gane. Na yaba. Sai dai akwai wani ɗan wuri da ƙafar yara ke yawan zamewa, kuma ba a jin ƙarar faɗuwar.

A ce kai ne mai rubuta kuɗin buhun albasa na kasuwar Achida duk mako. Layin farko na kanun bayani ne: kwanan wata a gidan A1, farashi a B1. Daga B2 zuwa B13 ka jera mako 12, ka yi zane a kansu. Da yake kana son sabon farashi ya zauna a sama, kowane mako sai ka buɗe sabon layi a ƙarƙashin kanun ka zuba. Lamba ta shiga, zane bai motsa ba. In ka danna shi ka duba, za ka tarar iyakarsa ta koma B3 zuwa B14. Wani mako ta koma B4 zuwa B15. Zanen yana nan da kyansa, launi bai canza ba, amma labarin makonnin baya yake bayarwa.

Kada ka ce kwamfuta ta lalace. Haka aka gina Excel: gidajen da ka nuna masa yake bi duk inda aka tura su. Igiya ce ka sa a wuyan akuya, ɗaya bakin kuma ba ka ɗaure shi a turke ba. Shi ya sa in ka buɗe layi a tsakiyar jerin, iyakar takan faɗaɗa ta haɗiye shi, in kuwa a sama ne sai ta sauka gaba ɗaya ta bar shi a waje. Wanda ya ƙara a ƙasan layin ƙarshe ma yakan tarar zanen bai san da zuwan baƙo ba.

Da yawanku na cewa a sa alamar dala, ai ita ke kulle gida. Ku duba da kyau, Excel da kansa ya riga ya rubuta $B$2:$B$13 a cikin zanen, bai kuwa hana shi sauka ba. Aikin dala shi ne hana lamba sauyawa lokacin da ake kwafar fomula daga gida zuwa gida. Buɗe layi ba huruminta ba ne.

Kafin ka taɓa komai, tambayi kanka abin da shugabannin ƙungiya ke son gani. In tarihin farashi duka suke so, daga girbi har yau, abin mai sauƙi ne. Danna cikin jerin, ka matsa Ctrl da T, ya zama tebur na gaske, irin wanda Excel ke da shi tun fitowar 2007. Yi zanen a kan teburin, ka riƙa zuba sabon mako a layin da ke bin na ƙarshe. Tebur zai miƙe, zane ya bi shi. Ni wannan nake fifita wa yawancinku, don ko sakataren da zai gaje ka ba zai sha wuya ba.

In kuwa mako 12 na baya-bayan nan kawai ake so, sabo a sama, to sai turke. Turkenka shi ne B1, domin duk layin da ka buɗe a ƙarƙashinsa yake, shi ba ya gusawa. Shiga Formulas, sannan Name Manager, ka ƙirƙiri suna, a ce Farashi, ka ba shi =OFFSET(Sheet1!$B$1,1,0,12,1). Ma'anarsa: tsaya a B1, sauka gida ɗaya, ɗebo gidaje 12 a tsaye. Yi wani sunan, Kwanaki, a kan A1. Sai ka koma zanen, Select Data, ka goge tsohuwar iyaka ka rubuta =Sheet1!Farashi, wurin kwanaki kuma =Sheet1!Kwanaki. A nan ne yara ke gajiya, don zane ba ya karɓar fomula kai tsaye, sai suna, kuma sunan ma sai an haɗa shi da na shafin ko na fayil ɗin. Ka kuma rubuta kwanan wata yadda kwamfuta za ta gane kwanan wata ne, ba «makon jiya» ba, don zanen layi ya jera su daga tsoho zuwa sabo.

Wani zai ce duk wannan wahala a kan ɗan zane? Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Goronyo a 1984, noman rani ya ƙara zama ƙashin bayan fadamar Rima: shinkafa, albasa, tafarnuwa. Mai albasa a rudu kullum cikin lissafi yake, ya sayar ko ya ƙara jira, ga ruɓa tana ci. Zanen da ya tsaya mako uku baya zai iya nuna masa farashi na hawa, alhali sabuwar albasa ta fara shigowa kasuwa ta karye. Shi ba zai zargi Excel ba, ɗansa da ya yarda da shi zai tuna.

Ba kuma ƙananan ma'aikata kaɗai abin ke kamawa ba. A 2010 masana tattalin arziki biyu a Amurka, Carmen Reinhart da Kenneth Rogoff, sun fitar da bincike cewa ƙasar da bashinta ya haura kashi 90 cikin 100 na abin da take samarwa a shekara, bunƙasarta na durƙushewa. 'Yan siyasa a Turai da Amurka suka riƙa kafa hujja da shi wajen tsuke kashe kuɗi. A 2013 wani ɗalibi a Jami'ar Massachusetts Amherst, Thomas Herndon, ya karɓi fayil ɗinsu ya duba, sai ga iyakar fomula ta tsaya kafin ƙarshen jerin, ta bar ƙasashe biyar a waje: Ostireliya, Ostiriya, Beljiyam, Kanada da Denmak. Da aka gyara wannan tare da wasu matsalolin da aka gano, matsakaicin bunƙasar ƙasashe masu irin wannan bashi ya tashi daga -0.1 zuwa 2.2 cikin 100. Tasu a fomula take, taku a zane, amma cutar ɗaya ce.

Saboda haka duk ranar da za ka kai zane gaban taro, ka yi masa ɗan gwaji. Canza farashin makon nan zuwa wata lamba mai girman da ba ta yiwuwa, ka ga ko layin zanen ya yi tsalle. In ya yi, matsa Ctrl da Z ka mayar da lambar gaskiya. In bai yi ba, koma Select Data tun kafin dattawa su zauna.