Muhimmancin Rukunin Kwatance a Binciken Kiwon Lafiya: Darasi Daga Pampaida

1.0 Gabatarwa

Wannan darasi ya duba ɗaya daga cikin ginshiƙan bincike, wato kwatance. An ɗauko misalan daga fagen jinya da kiwon lafiya, domin a can kuskuren bincike kan jawo asarar rai da dukiya. Ana sa ran bayan kammala darasin ɗalibi zai iya bayyana ma'anar aiki bisa hujja, ya kuma faɗi amfanin rukunin kwatance.

1.1 Aiki Bisa Hujja

Aiki bisa hujja shi ne ma'aikacin jinya ya dogara da abubuwa uku kafin ya yanke shawara kan majinyaci: sakamakon ingantaccen bincike, da ƙwarewarsa ta aiki, da kuma zaɓin shi majinyacin. Wannan ra'i ya yi ƙarfi ne a farkon shekarun 1990 a Jami'ar McMaster ta ƙasar Kanada. Sai dai ba kowane sakamako ne yake zama hujja ba. Kafin a ce wani magani ko shiri ya yi amfani, tilas a amsa tambaya guda: da ba a yi shi ba, me zai faru?

1.2 Ma'anar Rukunin Kwatance

A ɗauka ma'aikaciyar jinya a wani asibitin Hunƙuyi ta ƙirga yara masu zazzaɓin cizon sauro a watan Satumba, sannan ta raba gidan sauro, ta sake ƙirgawa a watan Fabrairu, ta tarar sun ragu ƙwarai. Wannan ragin bai isa hujja ba, domin zazzaɓin kan yi yawa da damina ya lafa da rani, ko an raba gidan sauro ko ba a raba ba. Haka manomin rake a Maƙarfi da ya sa sabon taki a shekarar da ruwa ya wadata ba zai iya tantance rabon taki da rabon ruwa ba, sai in ya bar wani gefen gonar ba takin.

Wannan gefe da aka bari shi ne rukunin kwatance: mutane ko wurare masu kama da waɗanda aka yi wa aiki ta kowace fuska, illa su ba a yi musu ba. Ana zaɓensu tun kafin a fara, a auna ɓangarorin biyu a farko da kuma ƙarshe. In da hali, ƙuri'a ce ta fi dacewa ta raba su, don kada son ran mai bincike ya shiga.

1.3 Misalin Pampaida

A shekarar 2006 aka fara Shirin Ƙauyukan Muradun Ƙarni a Pampaida, cikin Ƙaramar Hukumar Ikara. Masanin tattalin arziki Jeffrey Sachs na Jami'ar Kolombiya da ke Amurka shi ne jagoran shirin, wanda aka gudanar a ƙasashen Afirka goma har zuwa 2015. An kawo ayyuka da dama a lokaci guda: gidan sauro, da asibiti, da ma'aikatan lafiya masu bi gida-gida, da takin zamani, da ciyar da 'yan makaranta.

Matsalar ita ce ba a ware ƙauyukan kwatance tun farko ba. A 2012 masu shirin suka buga rahoto a mujallar Lancet, inda suka ce mutuwar yara 'yan ƙasa da shekara 5 tana raguwa a ƙauyukan shirin da saurin da ya ninka na sauran karkara sau uku. Wasu masana suka nuna cewa an yi kuskure wajen lissafin tsawon lokacin, an kuma kwatanta da alƙaluman shekarun da ba su yi daidai ba, alhali a lokacin mutuwar yara tana raguwa sosai a faɗin ƙasashen. Marubutan suka amince, suka janye wannan iƙirari.

A 2018 aka fitar da binciken ƙarshe. Don cike giɓin, sai aka nemo ƙauyuka masu kama da na shirin daga baya. Idan aka haɗa duk wuraren goma, an sami ci gaba a ma'aunai 30 daga cikin 40, musamman a noma da lafiya. Duk da haka hujjar ta rage ƙarfi, domin babu cikakken awon ƙauyukan kwatancen na tun farko. Kuma da yake ayyukan a haɗe suka zo, da wuya a ware gudummawar kowanne.

1.4 Amfani ga Malami

Ɗalibin da zai rubuta kundin bincike kan wata sabuwar dabarar koyar da ƙa'idojin rubutun Hausa yana fuskantar irin wannan tambaya. Yara kan ƙaru da ilimi cikin zango ko da tsohuwar dabara aka bi. Don haka yana bukatar aji biyu masu kama da juna, da jarrabawa iri ɗaya a farkon zango da ƙarshensa. Hausawa kan ce sai an gwada akan san na ƙwarai.

1.5 Auna Fahimta

1. Kawo abubuwa uku da aiki bisa hujja ya ginu a kansu.
2. Me ya sa ƙirgen Satumba da na Fabrairu ba su isa hujja ba?
3. Bayyana rauni biyu da aka samu a binciken shirin da ya shafi Pampaida.
4. Tsara ɗan gajeren bincike mai rukunin kwatance da za a iya gudanarwa a wata makarantar firamare.