Yadda Ake Ƙawata Jakar Yadi da Aikin Hannu

Jakar yadi mai hannu biyu, wadda tela zai ɗinka miki da akoko ko wani yadi mai kauri, ta fi leda ƙarko nesa ba kusa ba. Tana ɗaukar littattafan islamiyya, tana ɗaukar cefane. Sai dai fili ce fetal, babu abin da zai ja ido, shi ya sa mata da yawa ke barinta rataye a ƙusa. Da allura da zare da guntayen atamfa, uwargida, za ki mayar da ita jakar fita unguwa.

Kafin komai, ki wanke jakar, ki shanya, ki goge. Yadin auduga yana tsukewa a wankin farko, in kika yi ado kafin nan, ɗinkin zai tattare. Ƙyallen da za ki ɗora ma ki jiƙa shi daban, ki ga ko yana zuba. Musamman in rinin baba ne irin na marinar Ƙofar Mata a Kano: yana da kyau matuƙa a kan farin akoko, amma sai an ɗauraye shi har ruwan ya fita fes.

Kayan aikin ba su da yawa. Allura biyu, babba da ƙarama, zaren ɗinkin hula, zaren ulu, almakashi mai kaifi, allin tela, fil, da kwali mai faɗin jakar. Guntayen atamfa kuwa ba sai kin je Kantin Kwari ba, telanki yana da su buhu guda a ƙarƙashin keke. Duwatsun ado da farin wuri ana samunsu a Kasuwar Kurmi da wajen masu kayan koli.

Yanzu ki rataya jakar a kafaɗa ki tsaya gaban madubi. Ɓangaren da ya kwanta a jikinki, wannan ba a yi masa ado, domin dutse da wuri suna kama mayafi su yayyage leshi. Ƙasan jaka kuma shi ke shan ƙasa duk inda aka ajiye ta, don haka ki bar kamar santimita 5 daga gindi da gefuna. Abin da ya rage a tsakiya shi ne filin aikinki. Ki zura kwalin a ciki, kar allura ta haɗe gaba da baya.

A ganina zane ɗaya babba ya fi ƙanana goma. Dubi babbar riga: aska biyu ko aska takwas a ƙirji, tambari a gefe, sauran yadin a bar shi ya sha iska. Masu ɗinkin Zariya sun daɗe da sanin wannan. Ki duba atamfarki, ki zaɓi fure ko ganye ko da'ira guda da ta cika ido, ki yanko ta, kina barin santimita ɗaya a kewaye. Wannan rarar ki tsattsaga ta kaɗan-kaɗan a wuraren lanƙwasa, ki kalmashe ta ciki, ki danne da dutsen guga. Ki ɗora a kan jakar, ki kafe da fil, ki ja da baya ki duba ko ta karkace. Sannan ki bi bakinta da ƙananan ɗinki, da zare mai launin ƙyallen. Kada ki yarda da gam. Ranar farko zai yi kyau, amma zafin rana da wanki biyu sun isa su ɗaga shi, ya bar tabo mai tauri da ba ya fita.

Abin da ke fito da aikin shi ne ɗinkin sarƙa da za ki zagaye zanen da shi. Ki fito da allura daga ƙasa, ki mayar da ita cikin ramin da ta fito, amma kar ki janye zaren duka, ki bar ɗan madauki ki danne shi da babban yatsa. Ki sake fito da allurar gaba kaɗan, kamar tsawon ƙwayar shinkafa, ta cikin madaukin, sai ki ja a hankali. Ido ɗaya ke nan. Haka za ki yi ta yi har ki dawo inda kika fara. In kika ja da ƙarfi yadin zai yamutse, in kika saki sarƙar za ta yi lakwaf, hannu ne ke koyon tsakaninsu, don haka ki fara gwadawa a wani ƙyalle. Layi biyu, ɗaya baƙi ɗaya ruwan ƙwai, sun wadatar. Wadda hannunta ya faɗa tana iya zana dagi da alli ta bi shi da sarƙa zalla, ba tare da atamfa ba. Sai ta kula da inda layi ke hawa da inda yake shiga ƙarƙashi, domin nan ne kyawun dagi yake.

Duwatsu da farin wuri su zo a ƙarshe, kuma kaɗan. Ki ninka zare biyu, bayan kowane dutse uku ki ƙulla a ciki, ta yadda in ɗaya ya tsinke sauran ba za su bi shi ba. In akwai mai rarrafe a gidan, gara a haƙura da ƙananan duwatsu.

Tuntu shi ne mafi sauƙi. Ki naɗa ulu sau 30 a jikin kwali mai faɗin santimita 8, ki zura zare ta sama ki ɗaure tam, ki yanke ƙasan, ki ɗaure masa wuya, ki daidaita gezar da almakashi. Ki rataya shi a gindin hannun jakar.

Saura ciki. Ki juya jakar, za ki ga ƙulle-ƙulle da jelar zare. Ki yanko ƙyalle mara nauyi da ya ɗan fi zanen faɗi, ki kalmashe bakinsa, ki rufe wurin da shi, don kar makulli ko biro su riƙa fizgar zaren. Wanki kuma da hannu, a juye, da ruwan sanyi, bayan kin kwance tuntun. Ki shanya a inuwa, ki goge ta baya a kan tawul don kar duwatsun su fashe.