Kumburin Gwiwa da Ya Ƙi Sacewa

A cikin kowace gaɓa mai motsi akwai wani tantani mai laushi da ke fitar da ruwan da ke hana ƙasusuwa gogar juna. Wani lokaci tantanin nan kan yi kauri, ya tsiro, har ya cika gaɓar. Wani likita a Amurka mai suna Jaffe da abokan aikinsa biyu ne suka yi wa cutar cikakken bayani a 1941. Ba kansa ba ce, kuma ba kasafai ake samunta ba. Ta fi kama gwiwa, galibi guda ɗaya, a jikin masu shekara 20 zuwa 50.

Abin lura shi ne yadda take ɓad da kama. Gwiwa ta kumbura ba faɗuwa ba targaɗe, ta sace, ta sake kumbura, wata rana ma ta maƙale ana cikin tafiya. Sai a ce sanyin ƙashi ne, a shafa man zafi, a kira wanzami ya yi ƙaho. Alhali da likita zai zuƙo ruwan gaɓar da sirinji, sau da yawa zai fito da launin tsatsa saboda tsohon jini. Hoton ƙashi kan fito lafiya lau da farko, amma hoton MRI na nuna tsiron. Gwajin ɗan yankinsa kuma shi ke bambanta shi da tarin fuka na gaɓa, wanda maganinsa daban.

Da tiyata ake cire tsiron, sai dai mai karatu na iya cewa, tun da ba kansa ba ce, mene ne na tiyata? Amsa ita ce, tsiron yana cin guringuntsi sannu a hankali har ya kai ga ƙashi, kuma guringuntsin da ya lalace ba ya komawa yadda yake. Idan tsiron a dunƙule yake wuri ɗaya, akan cire shi ta ƙananan huda da taimakon kyamara, kuma da wuya ya dawo. Wanda ya bazu kuwa yakan dawo, don haka dole a riƙa komawa asibiti. A 2019 Amurka ta amince da ƙwayar pexidartinib ga waɗanda tiyata ba za ta amfana ba, sai dai tana iya yi wa hanta illa.

Wani zai ce kuɗin hoton MRI da yawa. Gaskiya ne, amma kuɗin canjin gwiwa idan ta lalace ya ninka shi nesa ba kusa ba. Saboda haka duk wanda gaɓarsa ɗaya ta yi watanni tana kumbura ba dalili, ya nemi likitan ƙashi, kamar na Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, tun gaɓar na moruwa.