Yadda Ake Mayar Da Litar Man Girki Zuwa Kilo Da Wayar Hannu

A kasuwannin Funtua da Malumfashi, man gyaɗa da man waken suya da jarka ko kwalba ake sayar da su. Mai saye yakan duba cikar jarkar da ido, ya biya kuɗin lita 25. Amma jarka tana kumbura, tana kuma lotsewa, don haka ido kan yaudari mutum. Sikelin da ake auna buhun masara da shi, tare da kalkuletar waya, sun isa su warware wannan.

Lita ɗaya ba kilo ɗaya ba ce

Ruwa ne litarsa ɗaya ke daidai da kilo ɗaya. Mai bai kai ruwa nauyi ba, shi ya sa yake tasowa sama idan an haɗa su. Litar man gyaɗa tana tsakanin giram 910 da 920, ta waken suya da ta angurya kuwa wajen 920. Saboda haka manhajar sauya ma'auni da ke cikin waya ba ta mayar da lita kilo kai-tsaye: tana buƙatar sanin abin da ke cikin mazubin.

Lissafin

Daga lita zuwa kilo, a ninka yawan litar da 0.91. Jarka mai lita 25 za ta ba da kilo 22.75, kwalba mai santilita 75 kuma wajen giram 680. Daga kilo zuwa lita, sai a raba da 0.91.

Gwaji a kasuwa

1. A auna jarkar da babu komai, a rubuta nauyinta.
2. A sake aunawa bayan an zuba mai.
3. A cire na farko daga na biyu, a raba sakamakon da 0.91.

Misali, jarka cike ta nuna kilo 22, fankonta kuma kilo 1. Saura 21, idan aka raba, lita 23 ke nan. An biya kuɗin lita biyu da ba a karɓa ba.

Mai sarin jarkoki da yawa zai iya buɗe Google Sheets, ya jera nauyin man a layin A, ya rubuta =A2/0.91 a B2, sannan ya ja shi ƙasa.

A kula

Zafi yana sa mai ya buɗe. Ƙarin zafin digiri 10 kan rage kimanin giram 170 a lita 25, don haka ƙaramin bambanci ba ha'inci ba ne. Idan giɓin ya kai kilo guda, a sake aunawa a gaban mai kaya kafin a biya.