Darasi: Garin Ganye Da Maburgi

A ƙasar Japan, can gabas mai nisa, akwai wani shayi kore da ake kira maca. Ba irin shayin da ake tacewa a zubar da ganyen ba ne. Niƙa ganyen ake yi ya zama gari, a burga shi da ruwa, a shanye duka. Wani malamin addinin Buda mai suna Eisai ne ya kawo wannan hanya daga ƙasar Sin a shekarar 1191. Garin Uji da ke kusa da Kyoto ya yi suna wajen noman ganyen.

Yadda Suke Yi

Idan saura mako 3 zuwa 4 a tsinki ganye, sai manomi ya yi wa itatuwan rumfa don kada rana ta buge su. Bayan an tsinka, sai a turara, a busar, a cire tsinke da jijiya. Daga nan sai a niƙa da dutse sannu a hankali. Dutse ɗaya ba ya ba da abin da ya wuce giram 40 a awa guda.

In an zo sha, a kan tankaɗe gari kamar giram 2 cikin kwano. Ruwan da ya tafasa a kan bar shi ya ɗan huce, domin mai zafi ƙwarai yana sa ɗaci. Sai a zuba kaɗan, a burga da sauri da maburgin gora mai yatsu sirara har kumfa ta taso.

Abin Ba Baƙo Ba Ne

Matar da ke Gwandu ko Kalgo ta san wannan aiki tun tana yarinya. Garin kuka ganye ne da aka busar, aka daka, aka tankaɗe. Da maburgi ake burga shi, wanda wasu ke kira maburkaki. Kamar shayin nan, ba a zubar da kome. Duk abin da ya shiga garin, mai kyau ko marar kyau, cikin mutum zai tafi. Saboda haka kula ta zama dole.

Ganyen kuka yana da sinadarin da ke ƙarfafa ƙashi, da mai ƙara jini, da kuma bitamin A. Rashin bitamin A shi ke kawo dundumi, wato yaro ya kasa gani da almuru. In abin ya yi tsanani yana iya makanta yaro. Masu bincike a ƙasar Mali sun gano cewa kukar da aka shanya a inuwa ta fi wadda aka shanya a rana riƙe wannan bitamin. Ke nan gida biyu za su iya cin tuwo da miyar kuka, amma yaran gida ɗaya su fi samun amfani.

Shanya Da Daka

1. A tsinki ganye da damina, lokacin da yake kore shar. A bar wa itacen saura, kada a sassare rassansa duka.
2. A cire tsinke da ganyen da ƙwari suka ci. A wanke da ruwa mai tsabta.
3. A baza a kan tabarma cikin zaure ko rumfa inda iska ke shiga. Kada a shanya a bakin hanya ko inda awaki da kaji ke bi.
4. A riƙa juyawa har ya bushe ƙarau.
5. A daka a turmi busasshe, a tankaɗe da rariya mai laushi.
6. A zuba cikin mazubi mai murfi, a ajiye inda ba laima ba rana.

Gari mai kyau kore ne. In ya koɗe ko yana warin ruma, ya lalace. Mai saye a kasuwa ya duba launi kafin ya biya.

Burgawa

A fara dafa daddawa da barkono da kifi ko nama su nuna. A sa ɗan manja ko man gyaɗa, domin mai ne ke taimakon jiki ya ɗauki bitamin A. Sannan a rage wuta. A barbaɗa kuka kaɗan-kaɗan ana burgawa, kada a juye ta gaba ɗaya, sai ta yi gudaji. Da ta haɗe ta ɗan tafasa sai a sauke. A wanke maburgi a rataye ya bushe.

A zuba wa yara da masu ciki da masu goyo miya sosai, ba ɗan ɗigo a kan tuwo ba.

Tambayoyi

1. Me ya sa ake shanya kuka a inuwa?
2. Mene ne dundumi?
3. Mene ne amfanin mai a miyar kuka?
4. A rubuta abu biyu da shayin Japan da kuka suka yi kama.