Sarrafa Latas ɗin Teku Domin Gyaran Fata

Gabatarwa

Latas ɗin teku, wanda masana ke kira Ulva, koriyar ciyawa ce mai ganye marar kauri kamar leda. Tana manne wa duwatsun bakin teku, ana kuma samun ire-irenta a gaɓar Legas. A Japan da Faransa cin ta ake yi. Tana ɗauke da wani sinadari mai yauƙi da ake kira ulban, wanda ke riƙe danshi, shi ya sa masu yin sabulu da man shafawa ke nemanta domin rage bushewar fata da kaushi.

Inda za a ɗebo ta

Ingancin ciyawar ya dogara ne ga ruwan da ta fito. Ganyenta na zuƙe dattin ruwa, har da gubar dalma. Saboda haka kada a ɗebo ta kusa da magudanar gari, masana'anta ko tashar jiragen ruwa. A yanko mai rai daga jikin dutse idan ruwa ya janye, a bar gindin domin ta sake tofowa.

Yadda ake sarrafawa

1. A wanke da ruwan teku domin yashi ya fita, sannan a ɗauraye sau uku da ruwan sha.
2. A shanya a inuwa mai iska bisa raga, domin rana na kashe launinta.
3. Idan ta bushe ƙarau, a daka, a tankaɗe.
4. A zuba garin a kwalba busasshiya, a rufe ruf.
5. A riƙa haɗa kaɗan da sabulu ko man kaɗanya, gwargwadon abin da za a ƙarar da wuri.

Gargaɗi

A nisanci tarin ciyawar da ta ruɓe a bakin teku, domin tana fitar da iska mai guba mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. A shekarar 2009 irin wannan iska ta kashe doki a gaɓar Biritani ta Faransa.

Kafin amfani, a shafa kaɗan a cikin damtse a jira kwana ɗaya. In an ga ƙaiƙayi ko ƙuraje, a daina.

Kira ga malaman gona

A fahimtar da jama'a cewa wannan gari ba maganin ƙyasfi ko makero ba ne, kuma ba ya sa hasken fata. Duk ƙungiyar da ke son sayar da kayanta a kasuwa ta fara neman rajistar hukumar NAFDAC.