Amsoshin Tambayoyinku: Yaya Ake Gane Faifan Garmaho Bugun Farko?

Tambaya: Na fara tara tsofaffin faya-fayen garmaho. Wani dillali ya kawo mini Thriller na Michael Jackson, ya ce bugun farko ne, ya tsuga kuɗi. Ta yaya zan gane gaskiyarsa? Daga wani mai karatu a Kaduna.

Amsa: Malam, dakata tukuna, kada ka miƙa kuɗin.

Shekarar da ka gani a jikin kwali ba shaida ba ce. Kamfanin Epic ya fitar da Thriller a 1982, kuma ko bayan shekara ashirin aka sake buga shi, wannan 1982 ɗin za ka tarar a rubuce. Shaidar tana jikin faifan. Ka fita da shi cikin haske, ka ɗan karkata shi, ka dubi santsin wurin da ke tsakanin ƙarshen waƙa da takardar tsakiya. Za ka ga ƙananan lambobi da haruffa an karta su. Su ke nuna ƙarfen da aka danna faifan da shi, sau da yawa har da masana'antar da ta buga. Ka kwafe su daidai, ka gwada su da abin da masu tarawa suka jera a shafin Discogs. A bugun Amurka na farko lambar kundin QE 38112 ce, kuma a bayan kwalin Quincy Jones kaɗai aka ambata a matsayin furodusa. Daga baya aka ƙara sunan Michael.

Takardar tsakiya ma tana tona asiri. Kundin Beatles na farko, Please Please Me, ya fito a Ingila a 1963 da baƙar takardar kamfanin Parlophone mai rubutun ruwan zinare, ba a jima ba aka koma rubutun ruwan ɗorawa. Wannan ɗan bambanci ke raba faifai mai tsadar gaske da na gama-gari.

Me ya sa ake rububin bugun farko? Domin an yanka shi ne daga kaset ɗin asali tun yana sabo, kuma galibi shi mawaƙin ya saurara ya amince. Sai dai fa bugun farko da tsohuwar allura ta cinye bai kai lafiyayyen bugu na biyu daɗin ji ba. Ƙarzanen da farcenka ya ji, kunnenka ma zai ji. Ɗora shi a garmaho ka ga ko yana hawa da sauka, domin zafin rana kan lanƙwasa faifai, musamman wanda aka jibge a kwance. A tsaye ake ajiye su, cikin inuwa, nesa da ƙura.

Ko da dillalin ya yi gaskiya, Thriller ba abin tsuga kuɗi ba ne. Babu kundin da ya kai shi ciniki a duniya, an buga miliyoyi, ga shi nan birjik. Ƙarancin abu ke sa shi tsada, ba shahara ba.

Da ni ne, faya-fayen gida zan bi. A shekarun 1970 kamfanonin EMI da Decca suna buga faifai a Legas, da yawa daga cikinsu kuma sun lalace. Kundin Try and Love na ƙungiyar Ofege, 'yan makarantar St. Gregory's da ke Legas, yana cikin waɗanda ake nema a Turai da Amurka. Haka na William Onyeabor, wanda ya riƙa buga nasa da kansa a Inugu. Kamfanin Luaka Bop ya sake fitar da waƙoƙinsa a 2013, amma na asalin suna da wuyar samu. Yana damuna yadda ake kwashe irin waɗannan zuwa waje a kan kuɗi kaɗan. Ka tambayi dillalin naka ko yana da su, kuma ka duba lambobin nan kafin ka taya.